Bangon da Na Toshe a Garwa

Duk wanda ya tambaye ni aikin da na yi a Kamaru, nakan ce masa na mayar da wani tsohon injin matsar man gyaɗa gidajen haya, daga nan in yi maza in sauya zance. Ba ƙarya nake yi ba. Ginin yana nan a Garwa, an ce ma ya cika da mutane. Abin da ba na faɗa shi ne, akwai wani dattijo magini da ake kira Baba Toma wanda ya bar hannunsa na dama a wurin, ya bar sunansa kuma, ni ne sanadin duka biyun. Shekara uku ke nan ina kewaye wannan magana, na gaji da kewayen.

Cikin watan Maris na sauka Garwa. Ni mutumin Funtuwa ne, a zatona na san rana, ashe wasan yara muke yi a gida. Kafin in fita daga tasha rigata ta manne da bayana. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni yana jin sallamata ya gane baƙo ya samu, ya yi ta zagaye da ni cikin gari yana nuna mini gine-gine kamar na ce masa yawon buɗe ido na zo. Sai da na ga mai kankana ɗaya sau uku, da jar hularsa, sannan na dafa kafaɗarsa na ce ya isa haka. Ya yi dariya, ya ce da wata Hausa mai gauraye da Fillanci wai hanya ce ta lalace. Gidan da nake nema ashe ko da ƙafa na taho da tuni na isa.

Alhaji Mudi, wanda ya kira ni aikin, jikan fatake ne. Kakansa ya zo daga ƙasar Kano da kayan koli, ya ga ciniki, bai koma ba. Hausar Alhaji irin ta tsofaffi ce mai daɗin ji, sai dai in zance ya zo kan takarda ko hukuma, sai ya zame zuwa Faransanci bai ma sani ba. Ya ce injiniyoyi biyu ya kawo kafin ni, duk suka ce a rushe a yi sabo. Shi kuwa ba ya so, domin a ƙofar injin nan mahaifinsa ya yi shekaru yana awon gyaɗa. Labarina ya ji wajen wani surukinsa da na yi wa aiki a Mubi.

"Ɗan gida nake so," in ji shi, "wanda in na yi masa magana ba sai an fassara ba."

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu. Takarduna na injiniya ba su da amfani a can. Ba ni da izinin sa hannu a zanen gini a ƙasar, don haka Alhaji ya shirya da wani ɗan ƙasa mai hatimi, ni in yi lissafi da zane, shi ya buga. Na san abin ba daidai ba ne. Amma na yi wata takwas zaune a gida ba aiki, ga Rabi matata da tsohon ciki, sai na ce wa kaina ai ilimin ɗaya ne ko'ina. Tun daga ranar, duk sanda na hango mai kaki sai gabana ya faɗi.

Injin yana can gefen gari wajen kogin Binuwai, a gindin wani tudu. Tun zamanin Turawa aka gina shi da dutse da jan bulo, kaurin bangon ya kusa mita guda. Rabin kwanon rufin ya tafi, jemagu sun gaje sauran. Daɓen har yanzu baƙi ne da tsohon mai, in rana ta take sai wurin ya ɗauki warin ƙuliƙulin da ya kwana biyu. Duk da haka ina shiga na ji son ginin ya kama ni. Tsayinsa ya isa a raba shi hawa biyu. Dabarata mai sauƙi ce, kada a ɗora wa tsohon bango sabon nauyi. Za mu kafa ginshiƙai na rodi da siminti daga ciki, kowanne da harsashinsa, su ɗauki hawa na biyu, shi kuma bango ya ci gaba da ɗaukar kansa yadda ya saba. Alhaji ya ji, ya ce abin da ya daɗe yana so wani ya faɗa masa ke nan. Ranar kaina ya kumbura.

Bango uku na ginin a fili suke. Na huɗu, na baya, shi ne ya jingina da tudun, ƙasa ta hau bayansa har ta wuce tsayin mutum da rabi. A gindinsa daga ciki akwai ramuka a jere, kowanne hannu zai shiga, da wata 'yar kwata ta dutse da take bin ƙasan bangon ta fita waje. Na gan su tun ranar farko, na rubuta a littafina cewa a toshe.

Washegari na tarar da wani dattijo a tsugune yana zura dogon ƙarfe cikin ramukan, yana jawo ƙasa da sheƙar ɓera. Gajere ne ƙaƙƙarfa, da ɗan gicciyen katako a wuya. Alhaji ya ce shi ne Baba Toma, shugaban maginansa, Kirista ne daga duwatsun Mayo-Ulo, yana da mutum shida 'yan garinsu masu bin sa duk inda ya samu aiki. Yana saurayi ya yi lebura a injin nan. Bayan an rufe injin, shekara da shekaru, duk gabanin damina sai ya zo da ƙarfensa ya buɗe ramukan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sa shi, sai daga baya ma aka san yana yi. Na tambaye shi dalili. Ya ce haka ya tarar ana yi, manajan da ya fara yi wa aiki ba ya barin ruwan farko ya sauka sai an yi. Na yi masa murmushi irin na wanda ya je jami'a.

Watannin farko sun ba ni wuya. Ɗaki Alhaji ya ba ni a bayan shagonsa, fanka tana ta juya iska mai zafi. A ofis Faransanci, a titi Fillanci, Hausa sai kasuwa da ƙofar masallaci. Na iya cewa "jam na", gaisuwar Fillanci, in an amsa kuma aka zarce da zance sai in tsaya ina yaƙe haƙora. Burodinsu dogo ne mai tauri, na yi sati biyu dasashina yana ciwo. Kullum miyar yakuwa da kifi, ni kuwa kuka nake so da man shanu, irin wadda Rabi take yi. Ranar da ta haihu ina kan tsani ina awon taga aka kira ni. Aka yi suna ban je ba, don an fara zuba harsashi, ba a barin irin wannan aiki a tsakiya. Na zaga bayan tarin yashi na zauna na yi hawayena.

Baba Toma ne ya riƙe ni a wannan lokaci, ko da yake ba aikinsa ba ne. Shi ya hana a cuce ni tun a tifa ta farko. Direba ya kawo yashi mai kyau a sama, na duba na ce a juye. Baba ya hau motar, ya zura hannu har gwiwa, ya damƙo na ƙasa ya matse, da ya buɗe tafinsa sai ga shi ya dunƙule kamar fura, rabi laka ne. Bai ce da ni komai a gaban direba ba. Ya dai yi masa magana da Fillanci a hankali, motar ta juya da kayanta.

Haka kuma ranar da muke sa alamar inda ginshiƙai za su tsaya. Ya zo kusa da ni ya ce, murya ƙasa-ƙasa, in matsar da na tsakiya, akwai tsohuwar rijiyar mai a ƙarƙashin wurin, da idonsa ya ga an rufe ta da falanki an zuba daɓe a kai. Na sa aka fasa, sai ga rami baƙi ƙirin ya fi tsayina zurfi. Da mun kafa ginshiƙi a nan, da abin da zai biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Na sake lissafi na raba nauyin kan ginshiƙai biyu. Da Alhaji ya zo yana yaba mini wai har ƙarƙashin ƙasa nake gani, ban ce masa Baba ne ya faɗa mini ba. Baba yana tsaye a wurin yana wanke cokalin gininsa.

Da zazzaɓi ya kayar da ni cikin Mayu, kwana huɗu ban iya tashi ba, matarsa Mama Marta ce ta aiko mini da abinci. Na farko na mayar, na ce ba na jin yunwa. Ta gane. Washegari ta zo da kanta da kaza mai rai a hannu, ta tsaya a ƙofar shago ta sa mahaucin layinmu ya yanka ina kallo, ta nuna mini sabuwar tukunyar da ta saya don ni kaɗai. Ta ce, "Yanzu za ka ci, ɗana?" Kunya ta rufe ni. Na ci, na kuma warke.

Saɓaninmu ya zo ne ranar da aiki ya kai bangon baya. Ɗakuna huɗu na ƙasa a jikinsa za su kasance, kuma ba mai kama hayar ɗakin da ke da ramuka a gindin bango, ɓera da kunama suna shige da fice. Na ce a cusa dutse da siminti a toshe, a cike kwatar, a shafe bangon da filasta mai kauri. A zanena na sa magudana ta bayan bangon, wadda za a haƙa a zuba tsakuwa a sa bututu, ta kwashe ruwan tudun ta gefe. Sai dai filin bayan na wani ne, ana ta ja-in-ja da shi, Alhaji kuma yana so a gama ɗakunan ƙasa ya nuna wa masu neman haya. Na ce a toshe yanzu, magudana ta biyo baya. Ƙasar da na auna a Maris busasshiya ce ƙam, da ita na yi lissafina.

Baba Toma ya ajiye cokalinsa. Alhaji yana wurin, leburori suna wurin. Ya ce a garinsu kowa a jikin dutse yake noma, suna jera katangu hawa-hawa don ƙasa ta zauna, kuma ba a taɓa sa laka tsakanin duwatsun, saboda ruwa ya wuce ya bar ƙasa. Wanda ya liƙe tasa, damina ɗaya take kai ta gonar na ƙasa da shi.

"Wannan bango ba nauyin sama yake tsoro ba, Injiniya," ya ce. "Na baya yake tsoro. Ka haƙa naka tukuna, sa'an nan ka toshe nawa."

Wani lebura ya ce wani abu da yarensu, sauran suka kwashe da dariya. Har yau ban san me ya ce ba, wataƙila ma ba da ni yake ba. Amma Alhaji ya juyo ya dube ni, ni kuma raina ya ɓaci. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, na san tsohon yana da gaskiya. Mun yi wannan a aji, na zana irin ramukan nan da hannuna a jarrabawa, na kuma ci. Da a gefe ya ja ni ya faɗa kamar yadda ya saba, da na yarda. Amma a gaban mutumin da ya tsallake injiniyoyin ƙasarsa ya ɗauko ni, sai na ji ba zan iya bari magini ya gyara mini zance ba. Na ce masa nan ba gona ba ce, kuma ba a kawo ni daga Nijeriya don in koyi gini wurin manoman dutse ba. Haka na faɗa, da bakin da ya ci kazar matarsa.

Ya ɗauki cokalinsa. Shi da kansa ya toshe ramukan, goma sha huɗu, ya yi aikin tsaf yadda yake yin kowane aiki. Bayan nan ya ci gaba da gaishe ni kamar kullum, ni ne na kasa haɗa ido da shi.

Yuni da Yuli suka wuce lafiya, har na fara jin daɗin kaina. Maganar magudana ta kwanta, maƙwabcin ya ƙi, ni ma ban matsa ba. Aka yi fenti, aka sa tayil. Sai Agusta ta zo da ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa, Binuwai ya cika ya haye gonakin bakinsa. Ranar Juma'a Baba Toma ya ja ni ɗaki na uku, ya kama hannuna ya ɗora a bango. Sanyi ƙalau, fentin ya yi ƙuraje, ga wata siririyar tsaga ta taso daga ƙasa ta karkace. Ya ce in bari ya buɗe ko rami uku ne. Litinin Alhaji zai kawo mutanen da za su kama ɗakunan. Na hango ruwan laka kwance a kan sabon tayil, na hango fuskar Alhaji, na ce a bari sai bayan Litinin. Ya ce to.

Lahadi ba a aiki. Ina shan shayi da safe a bakin shago sai ga wata mai sayar da kifi ta unguwar injin a bayan babur, ko ɗankwali babu, tana cewa gini ya faɗa kan mutum. Ban tambayi ko wane ne ba. Na sani.

Bai je coci ba ranar. Ya zo shi kaɗai da guduma da kurfi, ƙarfen da ake huda dutse da shi, ya fara daga ɗaki na ɗaya. Rami bakwai ya buɗe a ɗakuna biyu, aka ce ruwa yana fita daga cikinsu kamar an kunna famfo. Yana shiga na uku, inda tsagar take, bangon ya taho da tudun da ke bayansa. Lokacin da na isa maza sun tono shi, laka har cikin kunnensa, hannunsa na dama ƙarƙashin wani dutse da sai da mutum biyar suka ɗaga. Idonsa biyu. Da ya gan ni, cewa ya yi kada a bar kowa ya shiga ɗaki na huɗu. A asibiti aka yanke hannun daga saman gwiwa.

Ɗakuna biyun da ya buɗe kuwa ko gezau ba su yi ba. Duk wanda ya san gini, in ya tsaya a wurin ya duba, zai gane abin da ya faru.

Ranar Talata hukuma ta zo, ɗan sanda ɗaya da wani jami'i mai littafi. Kafin su iso Alhaji ya ja ni gefe. Bai ce in yi ƙarya ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Tuna mini kawai ya yi cewa in aka bi diddigin lissafi za a tambayi wanda ya yi shi, in aka tambaya za a kai ga maganar hatimi, kuma baƙo ba ya jin daɗin gidan yarin wata ƙasa. Ya ce in tuna da jaririyar da ban taɓa ɗauka ba.

Ya gabatar da ni a matsayin mai lura da ma'aikata. Gudumar da kurfin suna nan an jingine su a bango. Jami'in ya dube su, ya dubi ramukan, ya riƙa tambaya da Faransanci Alhaji yana mayar mini da Hausa. Ni na sa tsohon ya fasa bangon? Na ce a'a. Wannan gaskiya ce. Na san zai zo ranar Lahadi? Na ce a'a. Ita ma gaskiya ce. Sai ya ce, tunda na san aikin, fasa gindin tsohon bango da guduma cikin damina yana iya kayar da shi?

Na dubi ɗakuna biyun da suke tsaye, ruwa yana ta tsiyaya daga ramukansu yana bin tayil. Na ce, "Yana iya yiwuwa."

Jami'in ya rubuta, ya rufe littafi. Ba a kama Baba Toma ba, an ce abin da ya same shi ya ishe shi. Amma kafin sati ya zagayo, labari ya gama gari cewa tsohon magini ya yi fushi an ƙi shawararsa, ya zo a ɓoye ya rushe aikin mutane, abin ya koma kansa. A ƙofar masallaci na ji ana faɗa, a wurin mai shayi na ji, har da masu yi mini jaje wai an so a ɓata mini suna. Nakan ce Allah ya kyauta. Alhaji ya sallami mutanensa shida. A bakin kasuwa, inda magina suke tsayawa da safe ana ɗaukarsu aiki, aka daina kiran duk wanda aka san na Toma ne. Biyu suka tafi garin Pitowa dakon auduga, sauran suka koma ƙauyensu kan dutse.

Ni kuwa na ci gaba da aiki. Nan da nan maƙwabci ya yarda, aka haƙa magudana, aka sake gina bangon, na kuma bar masa ramuka a gindi, na sa musu raga da 'yar kwata mai murfi. Sababbin maginan suka yaba da dabarar, ɗaya har da cewa lallai karatu daban ne. Sau ɗaya na je asibiti. Na tsaya a baranda na hango Mama Marta tana ba shi kunu da cokali, na juya. Abinci ya daina yi mini daɗi, salla ma sai in idar ban san me na karanta ba. Rabi ta ce muryata ta sauya a waya, na ce zafin garin ne.

Aka gama aiki cikin Disamba. Alhaji ya yi walima, ya yi mini kyautar shadda, ya sa direbansa ya kai ni tasha. Maimakon in nufi gida sai na shiga motar garin Gidar, daga can na hau babur zuwa Mayo-Ulo, na yi ta tambaya har aka nuna mini hanyar ƙauyensu. Sauran tafiyar da ƙafa na yi, ina hawa ina haki, jakata a kafaɗa. Hagu da dama katangun nan ne da ya faɗa, hawa-hawa har ƙololuwa, an girbe dawa an bar kara.

Na same shi zaune a inuwar rumbu yana ɓarar gyaɗa da hannun hagu, ya danne ƙwaryar da ƙafa. Ya rame. Mama Marta ta gan ni ta tsaya cak, sannan ta shiga ta kawo ruwa ta ajiye. Shi kuwa ya yi mini maraba, ya tambayi mai jego da jaririya, ya tambayi bangon. Na ce an sake shi, an bar ramuka. Ya tambayi nawa, na ce goma sha shida. Ya gyaɗa kai ya ce ya yi.

Daga nan na faɗa masa komai. Na faɗi tambayar da aka yi mini da amsar da na bayar, na faɗi maganar hatimi da tsoron da na ji. Na ce na san ramukan da ya buɗe ne suka hana sauran bangon tahowa, in ba don shi ba da ranar Litinin kan mutane zai faɗo. Ina magana ina kuka. Na ce ya yafe mini. A raina ina jira ya zage ni ko ya ce ya yafe, kowanne ya yi zan samu sauƙi in sauka dutsen da zuciya sakayau.

Ya bari na gama. Ya ce hannu ya riga ya tafi, shi ya kai kansa, ba ya riƙe ni da wannan. Amma mutanen nan shida kowanne da iyalinsa, shi ya sauko da su birni, yanzu ba mai ba su ko bulo ɗaya su ɗora a Garwa, matansu kuma in sun gan shi a hanyar coci sai su kau da kai.

"Wa ka faɗa wa wannan magana kafin ni?" ya tambaya.

Na ce ba kowa.

"To, ɗana, ka hau dutse duk tsawon nan ka kawo wa mutum ɗaya da ya riga ya sani. Ni ina wurin ai. Waɗanda ba su sani ba suna Garwa. Mai littafin nan yana ofis nashi, magina suna bakin kasuwa kowace safiya."

Na ce in na faɗa za su iya kulle ni. Ya ce e, za su iya. Bai roƙe ni ba, bai kuma ce in bar shi ba. Na ce masa zan koma in faɗa. Har rantsuwa na yi, ko da yake bai nema ba. Ya sa Mama Marta ta ƙulla mini gyaɗa a leda, ya rako ni bakin gangara, ya miƙo mini hannun hagu muka yi sallama.

Da la'asar na iso tashar Mayo-Ulo. Masu babur kashi biyu ne a gindin bishiya ɗaya, masu zuwa Gidar inda ake samun motar Garwa, da masu zuwa bakin iyaka, waɗanda suke cewa yau ɗin nan za ka kwana Mubi. Na tsaya da jakata a tsakani, kuma wallahi niyyata a lokacin cikakkiya ce. Sai waya ta yi ƙara. Rabi ce, ta ce yarinya ta fara rarrafe, yaushe zan iso. Na ce wa kaina zan je in gan su kwana biyu kawai in dawo, ai maganar ba za ta lalace ba. Na hau na iyaka.

Yarinyar yanzu tana gudu tana surutu. Sau biyu na kai Mubi da niyyar tsallakawa, sau biyu na kwana na juyo, kowane karo da hujjar da na ba kaina. A zuwa na biyun ne na zauna benci ɗaya da wani direban Garwa a wurin mai shayi. Muka taɓa hira, na ce na taɓa zama garinsu, na tambaye shi ko ya san wani magini Toma. Ya ɗan yi tunani.

"Mai hannu ɗaya?" ya ce. "Wanda ya rushe ginin Alhaji Mudi don baƙin ciki?"

Mu biyu ne kawai a bencin, a ƙasata, ba ɗan sanda, ba mai littafi, ba abin da zai same ni. Na ce, "E, shi."